Golan Gafasa Ya Ƙi Fita

Gwadabe malamin aji huɗu ne a firamaren Ajingi, amma ɗan Gafasa ne, can gonar gidansu take. A kwalejin horon malamai ta Kano ya koyi hoki, wasan nan da ake korar ƙaramar ƙwallo mai taurin dutse da sanda mai lanƙwasasshen kai. Shi gola ne, mai tsaron raga. A Ajingi babu wanda ya san wasan. In aka gan shi da yamma a bayan makaranta, ƙwaurinsa ɗaure da kariya har gwiwa, yana dukan ƙwallo a bango tana dawowa yana tarewa, sai a ce boko ya taɓa shi. Duk hutu yakan shiga Kano ya buga wa ƙungiyar jiha.

Bayan yaƙin basasa da 'yan shekaru, ana tsakiyar cirar gyaɗa, aka karanta sunansa a rediyo cikin waɗanda za su je Legas horo, domin wata gasar ƙasashe da za a yi a gabashin Afirka.

Ya hau keke ya tafi Gaya neman izini wurin jami'in ilimi. Mutumin ya bar shi a tsaye, ya ce gwamnati ba ta koyar da shi don ya je yana tsalle da gajeren wando ba, in kuwa ya tafi kada ya dawo. Gwadabe ya ce ai ƙasar ce ta kira shi. Jami'in ya yi dariya, ya ci gaba da rubutunsa.

"Ranka ya daɗe," in ji Gwadabe, "to a nemi wani malamin. Ni dai zan tafi."

A gida yayansa Barau ya yi faɗa sosai. Ya ce ga gyaɗa a ƙasa, ga aikin da gida duka ya dogara da shi, ya watsar saboda wasan yara. Mahaifiyarsu Hajo ce ta kashe maganar. Ta ce ita ba ta san wasan ba, amma ɗan da za a kira sunansa duniya na ji ya noƙe, ba ita ta haife shi ba. Ta ƙulla masa ƙuliƙuli da yaji, ta sa masa albarka.

A gasar sun ci wasa ɗaya, sun yi kunnen doki a ɗaya, sannan suka haɗu da masu masaukin baƙi, waɗanda suka tashi da sanda a hannu tun suna yara. Fili ya cika maƙil, babu mai goyon bayan baƙi ko ɗaya. Kafin hutun rabin lokaci an zura wa Gwadabe biyu. Da aka dawo, wani dogo a cikinsu ya sheƙo ƙwallo daga kusa, ta tashi ta same shi a baki. A wancan zamani gola ba ya rufe fuska. Ya faɗi, ya tashi a durƙushe, ya tofar da haƙora biyu a kan ciyawa.

'Yan kallo suka fara ɗaga masa hannu suna waƙar sallama cikin harshensu. Bai san kalmomin ba, amma ya gane nufinsu. Koci ya yafito shi daga gefen fili, ɗaya golan har ya fara ɗaura kariyarsa. Kyaftin ɗinsu Umara, wani soja ɗan Barno, ya dafa shi ya ce ya haƙura ya fita, jinin ya yi yawa.

Gwadabe ya yage bakin rigarsa ya cusa a baki, ya cije, sannan ya zare ya ce, "Gaya masa in yana so in fita, ya shigo ya ɗauke ni."

Umara ya dube shi, ya juya ya yi wa koci alama da hannu cewa a bar shi.

Daga nan babu abin da ya sake wucewa. Ya tare da ƙafa, ya tare da ƙirji, har bugun fanareti ya doke da tafin hannu. Waƙar ta mutu a hankali. Umara ya rama ɗaya, suka yi ta matsawa neman ta biyu har aka busa tashi. An fitar da su daga gasar. Masu agaji suka kawo gadon ɗaukar majinyaci, ya ture shi, ya fita da ƙafarsa.

Ya dawo gida babu kofi, babu aiki. Ranar kasuwar Ajingi, Ɗantani mahauci ya hango shi, ya ɗaga murya yana tambaya ko da me zai ci tsire yanzu. Mutane suka yi dariya. Gwadabe ya tsaya, ya buɗe baki sosai don kowa ya ga giɓin.

"A tsaye na fito na bar haƙoran can," ya ce. "Yanka min mai ƙashi."

Ya ci a gabansu da turamensa, a hankali, har ya gama. Damina ta gaba ya kama noma tare da Barau, kuma bai fasa zuwa Kano wasa ba.