Kik ɗin Saja Ango

Duk Zuru babu wanda bai san babur ɗin Saja Ango ba, jan Honda mai salansa biyu da ya saya tun yana cikin kaki. Babur ɗin ma ya girmi Jabiru, bakaniken da aka kai wa shi. Giya ce ta fara zamewa a hanyar Dabai, inda tsohon ke da gonar dawa. Jabiru ya sauke inji, ya wargaza giyabos, ya canza haƙoran da suka cinye, ya mayar da komai tsaf. Aiki dai ya yi kyau, har sai da ya yaba wa kansa.

Washegari sai ga Saja yana turo babur, gumi sharkaf, 'yarsa Gladys na biye da shi cikin fararen kayanta na nas.

"Yaro, ka gyara giya ka kashe kik," in ji Saja.

Jabiru ya haye, taku ɗaya inji ya kama. Ya kashe, ya ba tsoho. Saja ya taka, ƙafa ta zame. Ya sake, kik ya tafi kaɗan ya dawo ya make shi a ƙwauri. Ya daure, ka san soja.

"Baba, mun yi magana da su Yaya," Gladys ta ce. "In ba ka iya tayar da wanga babur da kanka, hawa ya ƙare. Ba mu yarda ya mutu maka cikin daji babu mai tura ka." Ta juyo wajen Jabiru. "Ka duba shi. Da la'asar in na taso aiki zan biyo. In babu laifin babur, to an jingine shi ke nan."

Ta wuce. Saja ya zauna kan benci yana kallon titi. Tausayi ya kama Jabiru, don ya san in aka raba tsohon nan da babur an raba shi da gona, da coci, da hirar tsofaffin sojoji gaba ɗaya.

Ya zare baƙin mai, ya buɗe murfin gefen kuloci. Sifirin da ke dawo da kik yana nan da ƙarfinsa. Haƙoran da ke kama inji ƙalau suke, babu wanda ya zauna a karkace. Kai, yau ga bakanike yana roƙon Allah ya nuna masa laifin kansa, laifi kuma ya ƙi samuwa! Ya rufe, ya mayar da mai.

"Baba, daure ka sake gwadawa."

Wannan karon Jabiru ya tsuguna, ya bar inji ya zuba wa ƙafar ido. Ashe gwiwar ce ba ta lanƙwasawa. Kik ya yi mata tsawo, bakin takalmi kawai ke taɓa shi. Jabiru ya goge gindin kik da tsumma, sai ga ɗan zane a jikin sandar kik ɗin, ga wani a jikin ƙarfen da take kamawa, kuma zanen biyu ba su haɗu ba. Shi ya ɗaura sandar a miƙe, yadda ake ɗaura ta kowane babur.

"Baba, wa ya yi wanga zane?"

"Ni. Tun da na dawo daga Laberiya gwiwar nan ke gardama. Sai na sauke kik ɗin ƙasa, inda ƙafa ke kaiwa."

"Mi ya hana ka gaya mini da safe?"

"A gaban ɗiyata?"

Jabiru ya kwance noti, ya daidaita zane da zane, ya ɗaure. Amma sandar ta kwanta sosai, rabin tafiyar kik ta tafi. Wane inji zai tashi da rabin taku?

Ana haka Gladys ta iso. Jabiru ya haye don ya gwada. Ya taka, shiru. Ya taka, ya taka, har masu faci da ke gefe suka fara dariya. Innalillahi, garin gyaran gira ya rasa ido.

"Sauka," in ji Saja. "Kana dukansa kamar jakin aro."

Tsoho ya ɗora ƙafa. Bai buga ba. Ya riƙa danna kik a hankali, kai a karkace yana saurare, har ya ji inda ya yi tauri. Ya ɗan wuce wurin, ya bar sandar ta dawo, sannan ya saki nauyin jikinsa gaba ɗaya. Inji ya ɗauka da ruri, salansa biyu na amsa wa juna.

Jabiru ya riƙe baki. Shi da ya buɗe cikin babur ɗin ya ga komai, wallahi bai san shi kamar yadda wannan ƙafar mai ciwo ta san shi ba.

"Baba, kashe ka sake," Gladys ta ce.

Ya kashe, ya sake, inji ya tashi.

Ta daɗe tana kallon ubanta. Daga nan ta gyara jakarta a kafaɗa, ta tattare siket, ta haye bayansa.

"Mu je gida, Baba. A hankali dai."