Zazzaɓin da Manniru Ya Ɓoye

Da hantsi ne, hadari ya taru a kan tashar Utako amma ya ƙi zubowa, zufa sai karyo wa kowa take. Manniru kaɗai ke jin sanyi. Ya damƙe hannayen baronsa don kada kowa ya gane.

Jiya ya karɓi allurar korona a rumfar da ma'aikatan lafiya suka kafa a bakin tasha. Ba don kansa ya yi ba. Kawunsa Ɗangoggo, mai sayar da rake, ƙirjinsa ba lafiya tun zamanin da gwamnati ta taso daga Legas ya zo nan leburancin gini, ƙurar siminti ta zauna masa. Bara cutar nan ta tafi da abokin Kawu mai irin wannan ƙirjin. An yi an yi da Kawu ya yi allurar, ya ce, "Kai je ka tukuna. Sai na ga abin da ta yi maka." Ga shi yau da azahar masu rumfar za su tashi zuwa Karshi.

Shi ya sa da Manniru ya farka da zazzaɓi, dantsensa na hagu ya yi nauyi kamar an ɗaura masa bulo, bai gaya wa kowa ba. In Kawu ya gani, magana ta ƙare.

"Ya jikin?" Kawu ya tambaya yana fere rake, idonsa a kansa.

"Garau, Kawu. Ko cizon sauro ya fi ta zafi."

Kawu ya taɓe baki. "Na faɗa," ya ce, ya ci gaba da fere rakensa.

Sai Thaddeus direba ya ƙwalla masa kira daga bayan mota. "Manniru! Zo ka kwashe doya nan, madam yana jira!"

"Ina zuwa, oga."

Ya loda, ya tura. Hanyar kuwa dole ta bi ta gaban Kawu. Yana isa daidai nan jiri ya ɗebe shi, baron ya karkace, doya ta watse har ƙarƙashin tiren rake.

Kawu ya ajiye wuƙa. Ya dafa goshin Manniru, ya daɗe bai ɗauke hannu ba.

"Tun yaushe?"

"Tun asuba," Manniru ya ce, kansa a ƙasa.

Kawu ya kama shi ta wuyan riga, ya ja shi har rumfa, yana tafe yana haki. Mutane suka fara biyo su. Manniru yana ta cewa, "Kawu don Allah, kada ka yi musu faɗa." Ma'aikaciyar jinyar, Rosemary, ta riga ta fara naɗe kaya. Ta tsaya cak.

"Ke, 'yata. Zafin jikin nan, allurarku ce?"

Ta taɓa wuyan Manniru, ta yi masa tambayoyi: ko yana tari, ko numfashi na yi masa wuya. Ya ce a'a.

"Ita ce, Baba. Tana sa wasu haka, kwana ɗaya ko biyu ya wuce. In ya zarce, ku kai shi asibiti."

Kawu ya saki rigar.

"Ashe ba ruwa ba ne," ya ce. "Ni ce mini aka yi ta gaskiyar, manya ne suka rabe ta, mu ruwa ake ɗura mana. Shi kuma wannan ya zo yana ce mini cizon sauro!"

"Wasu ba sa jin komai, Baba, kuma tana yi musu aiki," in ji Rosemary. "Ba zan ce ba za ka taɓa kamuwa ba. Amma in ta zo, da wuya ta kayar da kai kamar wanda bai yi ba. In ka yi wannan, sai ka nemi ta biyu daga baya."

Kawu ya zauna a benci, ya fara naɗe hannun riga. Babbar riga ce, yana naɗewa tana zamowa. Ya juya fuska gefe, don bai son ganin tsinin allura.

Manniru ya matso. Ya tattare hannun rigar ya riƙe masa a kafaɗa har aka gama. Kawu ko kallonsa bai yi ba.