Gugar Bankwana

Da Mehluli Dlodlo ya rasu, ko kujerun makoki ba a kwashe ba yayarsa Sikhangezile ta tuna cewa gidansa na unguwar North End a Bulawayo da sunan mahaifinsu yake. Ɗanta Mqondisi zai dawo daga Johannesburg ya yi aure, kuma ba ta ga dalilin da zai kai amarya gidan haya ba alhali tsohuwa ɗaya tana yawo a ɗaki huɗu. Dangi suka zauna, suka gyaɗa kai. Mutanen Bulawayo na son cewa dangi ba sa zaluntar nasu, amma in ka duba, mai faɗin haka ba shi aka kora ba.

MaMlilo, matar marigayin, ba ta yi kuka a gabansu ba. Bangon bai dame ta ba, rufin ma yoyo yake. Daɓen ne ya tsaya mata a rai. Ita da Mehluli suka shimfiɗa shi suna sabon aure, da guntayen jan katako da suka saya lokacin da aka rushe wani tsohon otal, shi yana zuba kwalta, ita tana jerawa. Tun daga nan kowace Asabar sai ta durƙusa ta shafa masa kakin goge daɓe, ta taka buroshi da ƙafa tana gogawa har ta ga inuwar kujeru a ciki. Yanzu a ce Sikhangezile ce za ta riƙa taka shi da taƙamar mai gida? Wannan kam ya ƙi haɗiyuwa.

Mqondisi ya iso da injin kankare daɓe da ya yi haya, da gwangwanayen man ƙyalli irin wanda ke bushewa kamar gilashi. Ya kalli yadda ake yi a waya, ya ce ba sai an kira kafinta ba.

"Mama, kada ki damu," ya ce wa MaMlilo yana ɗaura ƙyalle a hanci. "In na gama ba za ki gane falon nan ba. Duk wannan warin tsufan zai fita."

"Allah ya ba da sa'a, ɗana."

Ya wuni yana tura inji. Gugarta ta shekara talatin ta tashi ƙura, ta sauka kan labule da ganyen lemo. Da yamma katakon ya fito tsirara, fari-fari, kamar fuskar mai jinya. Yaron ya ce zai je Plumtree gaida surukai, in ya dawo ranar Litinin ya shafa mai. Kafin nan Mama ta kwashe kayanta.

Ranar Asabar Sikhangezile ta zo sa ido a kan kwasar kaya, kada cokalin Dlodlo ya bi motar kaya. Ta tsaya bakin falo da jaka a hammata, ta taɓe baki.

"Amarya," ta ce, don har yau haka take kiranta, "haka za ki bar mana gida? Daɓe fururu kamar na shagon niƙa? A gidanmu mace ba ta fita sai ta bar daɓe yana sheƙi. Ko da yake, ba kowa aka koya wa ba."

MaMlilo ta tsaya da tukunya a hannu. Ta tuna shekarar da Mehluli ya shafa irin man nan a lungun banɗaki, a kan kakinta. Man ya ƙi kama katako, ya tattare, ya riƙa saɓulewa kamar fatar maciji, suka yi ta kankara da wuƙa suna dariya. Wancan ma a saman daɓe ne. Wannan kuwa katako ne buɗe, mai ƙishi, abin da aka ba shi zai sha har ciki.

"Yaya, Mqondisi ya ce a shafa kaki?"

"Me namiji ya sani a daɓe? Ni na haife shi. Na ce ki shafa."

"To, Yaya. Ki faɗa a gaban direba dai, kada a ce na yi shisshigi."

"Malam direba, ka shaida, ni na sa ta. Ragwanci ne kawai."

Ta kwance kwalin da ta riga ta ɗaure, ta fito da babban gwangwanin kaki. Ta durƙusa. Ba ta taɓa yin guga irin ta ranar ba. Ta cusa kakin cikin kowace tsaga da ɗan yatsa, ta bari rana ta shigo ta taga ta narkar da shi, ta ƙara wani. Ta san guntun da ke da tabon dutsen guga, ta san wanda Mehluli ya jera a karkace ya ƙi yarda. Duk ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Sikhangezile na kan baranda tana shan shayi da burodi.

"Yau kam kin yi abin kai," ta ce. "Da haka kike tun farko."

Motar ta kai MaMlilo unguwar Pumula, ɗakin bayan gidan 'yarta, mai daɓen siminti.

Mqondisi ya dawo ya tarar da katako ya yi duhu yana sheƙi. Uwarsa ta ce ita ta sa aka ba shi mai ya sha, haka ake yi tun kakanni. Ya shafa man ƙyallinsa. Ya ga yana tattarewa kamar ruwa a kan faranti mai maiƙo, sai ya ce bai isa ba ne, ya ƙara wani mai kauri, ya rufe ƙofa. Sama ya yi fata, ƙasa ya zauna danƙo.

Ranar da matan dangin amarya suka zo ganin gida, dole aka gayyaci MaMlilo, don ita ce matar kawu. Ta zauna a kujerar baranda, daidai ƙofa.

"Ki shigo mana, amarya," in ji Sikhangezile.

"Yaya, gwiwoyina ba su warke ba tun gugar nan. Ina jin ku daga nan."

Mata suka zube a ƙasa kamar yadda aka saba, Sikhangezile a tsakiya cikin sabuwar shuɗiyar riga. Rana ta yi zafi. Amaryar Mqondisi ta shigo da rarrafe da kwanon wanke hannu, ta durƙusa gaban surukarta. Da ta zo ɗaga gwiwa sai aka ji ƙara kamar ana yage takarda. Ta duba, ga fata mai sheƙi manne a zanenta. Gwaggon amarya ta yunƙura, siket ya ƙi binta. Sikhangezile sai da mutum biyu suka ɗaga ta, daɓen ya riƙe shuɗin zaren rigar daidai faɗin mazauninta.

"Wannan ne gidan da aka ce an gyara wa 'yarmu?" in ji gwaggon.

Mqondisi ya fito baranda, fuska a murtuke. "Mama, me kika sa wa katakon nan?"

"Abin da uwarka ta ce in sa. Na tambaye ta ko ka yarda, ta ce me namiji ya sani a daɓe. Direba na nan da ransa."

Ya juya ya kalli uwarsa. MaMlilo ta kurɓi shayinta.

Ya sake hayo injin, amma kakin ya riƙa narkewa yana toshe samfefa, ga biki ya matso. Ya fusata ya sa aka ɓamɓare katakon duka, aka shimfiɗa farin tayil mai sanyi, aka tara guntayen a bayan gida don hura wutar girkin biki.

Kafin masu girki su iso, motar nan ta sake tsayawa a ƙofar gida. Sikhangezile ta leƙo ta taga.

"Yanzu kuma itacen wuta kike tsinta, amarya?"

"E, Yaya. Ki yi a hankali da tayil ɗin, yana da santsi."

A Pumula ta zauna ƙarƙashin bishiyar gwaiba da tsohuwar wuƙa, tana kankare guntayen ɗaya ɗaya. Sun fi ƙarfin ɗakinta, har za su kai falon 'yarta. Da ta zo kan wanda Mehluli ya jera a karkace, ta ajiye shi gefe. A bakin ƙofa za ta sa shi, a karkace.