Rantsuwar Ɗaso da Agogon Amurka

Laifin Hatim ne, kuma har gobe Hajiya Ɗaso ba ta sauka daga kan wannan magana ba. Shi ne ya tsaya a tsakiyar falonsu na unguwar Shisha da ke Makka ya ce wa uwarsa wasan awa ɗaya ne cif, kashi huɗu, kowanne minti goma sha biyar. Har da ƙarin gishiri, wai an gyara dokar agogo don a rage tsawon wasa. Ita kuwa a Makka ta girma, garin da in an ce lokaci ya yi to ya yi, ladanin Harami bai taɓa cewa a ɗan jira shi ba.

Maganar duk a kan jikanta ce, Abdulilah, ɗan Hatim na fari, wanda ta goya tun suna zaune a unguwar Nakkasa. Ya tafi Amurka karatun injiniya, ga shekara ta uku bai leƙo gida ba. Kullum ta tambaye shi a waya sai ya ce, "Saura kaɗan, Sitti," wato kaka a Larabcin Makka. A can ne wani mai horar da 'yan wasan jami'ar ya ga yadda yake dukan tamaula, ya jefa shi cikin wata irin ƙwallo mai siffar gwanda, wadda ake rungumewa a ruga da ita, ƙatti na bin mutum suna dannewa. Aikin Abdulilah ɗaya ne, bugu da ƙafa idan an kira shi. Yau za a nuna su a talabijin.

Da rana Ɗaso ta ga guntun irin wasan a wayar Hatim, ta ga an tara wa ɗan wani ƙatti shida a ƙirji. Don haka tana idar da magariba ta ja dardumarta gaban talabijin, ta zauna daram, ta ɗauki carbi.

"Wallahi tallahi ba zan ɗaga daga dardumar nan ba sai an tashi wasan nan na ga yarona ya fita da ƙafafunsa."

"Inna, da kin haɗa da in sha Allahu," in ji Khairiyya, matar Hatim, tana ajiye tiren shayi.

"Awa ɗaya ce fa. Wadda ta yi tsayuwar Arfa da ciwon gwiwa za a tsorata da awa ɗaya? Zuba mini."

Ta sha kofi biyu na shayi da na'ana'a, ta kora da ƙwayar hawan jininta, wadda kowa a gidan ya san aikinta amma babu wanda ya tuna.

Aka fara. Wani dogo mai hular ƙarfe ya sheƙo ya daki ƙwallo, Hatim ya yi ihu, "Ga shi nan, ya Ummi, shi ne!" Kafin Ɗaso ta gyara tabarau, yaron ya ɓace, wata ƙatuwar mota ta fito tana hawan dutse.

"Masha Allah," ta ce, "sun tsaya salla ke nan?"

"La, ya Ummi, talla ce."

Ba ta ji daɗi ba, don a saninta salla kaɗai ke tsayar da mutane suna tsakar aiki. Aka dawo, aka yi ture-ture na ɗan lokaci, aka koma talla. Ta lura da wani abu kuma da ya ƙona mata rai: duk sanda jikanta ya fito ya buga, a take ake rufe shi da talla. In ba mota ba, gurasa da nama. In ba gurasa ba, wani mai murmushi da ke son a sayi inshora.

"Me yaron nan ya tare musu ne? Kowa ana barinsa ya sha iska, shi da ya fito sai su jefo mota."

Sai kuma agogon da ke ƙasan allo. Ɗaso ta zuba masa ido kamar mai gadin tukunya. Agogo ne marar kunya. Ƙwallo ta faɗi ƙasa, ya tsaya. Wani ya ji ciwo, ya tsaya. Alƙali ya yar da ƙyalle rawaya, ya tsaya. Wani lokacin alƙalin da kansa yake barin fili ya je ya leƙa wani ɗan talabijin, jama'a na jiransa.

"Shi ma kallo ya zo?" ta tambaya.

Aka kira isha, ta yi a zaune a inda take da alwalar magariba, tana jin daɗin dabararta. Ta shafa addu'a, wasa na nan. Can aka watse daga fili, masu bushe-bushe suka shigo, ta fara naɗe carbi tana hamdala.

"Rabi aka yi, ya Ummi," Hatim ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa.

"Rabin me?"

Ya shiga latsa waya yana bayanin cewa dokar da gaske ta rage tsayawar agogo, sai dai masu talabijin ba su rage tallarsu ba, su ne kuma ke biyan kuɗin wasan.

"Wato an rage tuwo an bar kwano," in ji Ɗaso. "Allah ya shirye ka, Hatim."

Daga nan shayi da ƙwaya suka fara neman haƙƙinsu. Ɗaso ta gyara zama. Ta sake gyarawa. Carbi ya ƙara sauri. Khairiyya, mace mai hankali, ta ɗauke butar shayi, ta je ta ƙara murɗe famfon kicin da ke ɗiga. Amma Amurkawa ba su da wannan tausayin. Suka sako tallar lemo, ana tsiyaya shi a hankali a kan ƙanƙara, da sautinsa da komai, har sau uku.

"A'uzu billahi," Ɗaso ta ce, ta runtse ido.

Hatim ya durƙusa kusa da ita. "Ya Ummi, khalas, ya isa haka, ki tashi. Kaffara ce kawai, ciyar da miskinai goma. Ni zan yi."

Ta harare shi. Ba shinkafar mutum goma ce ta dame ta ba, ta ciyar da fiye da haka a ranar da babu dalili. Tsoro take ji. Zuciyarta ta riga ta ƙulla cewa zamanta a dardumar nan ne ke riƙe da ƙattin can, tana ɗagawa kuwa za su faɗa wa yaron da ta goya. Ta san malamai ba su ce haka ba, amma ta kasa cire shi a ranta.

"Saura minti biyu!" Hatim ya yi shela daga baya.

Sai aka tafi talla, don an ware hutu na musamman saboda saura minti biyu. Da aka dawo kuma agogon ya koma tsohon halinsa, yana tafiya taku ɗaya yana hutawa. A cikin minti biyun nan Khairiyya ta ɗumama abinci, ta wanke kofuna, ta amsa wayar yayarta Samah daga unguwar Kudai. Ɗaso ta haɗa gumi duk da sanyin na'ura.

Saura daƙiƙa uku, su Abdulilah na baya da maki biyu, bugunsa kuma maki uku ne. Aka kira shi. Ya fito yana auna taku, filin gaba ɗaya na ruri. Ya ja baya zai buga, sai alƙali ya busa. Abokan hamayya sun nemi hutu, in ji Hatim, da gangan, don gaban yaron ya faɗi. Motar nan ta sake fitowa tana hawan dutsenta.

Nan Ɗaso ta kai maƙura. "Astagfirullah," ta ce, hawaye na zubo mata, "Allah ka riƙe mini shi, ni na kasa." Ta dafa kafaɗar Khairiyya ta miƙe, ta nufi banɗaki da saurin da rabonta da shi tun tana amarya.

A can ta kasa kunne tana jiran salati daga falo. Shiru. Ta gama, ta ɗaura alwala a tsanake har da shafar kunne, ta fito. Wani dattijo ta tarar a allo yana tallar maganin ƙwannafi. Bayan hutun, alƙalai sun koma leƙen talabijin ɗinsu don su tabbatar daƙiƙa uku ce ta rage ko biyu.

A tsaye ta kalla. Abdulilah ya sheƙo ya daka, ƙwallo ta tashi ta ratsa tsakanin ƙarafa biyu. Hatim ya yi tsalle har ya ture tire. Sai ga ƙatti sun rugo daga ko'ina sun kayar da yaron, sun hau kansa, ɗaya bisa ɗaya.

"Ni ce! Ni na tashi!" Ɗaso ta ƙwalla ƙara. "Sun kashe mini shi!"

"Nasu ne, ya Ummi! Murna suke yi!"

"Wannan ce murnar?"

Aka ɗaɗɗaga, ya fito daga ƙasan tulin, ya miƙe da ƙafafunsa. Ya cire hular ƙarfen, fuskarsa ta cika allo, yana dariya da wushiryar nan ta kakansa. Ɗaso ta matsa ta miƙa hannu za ta shafa kumatunsa. Tafinta ya sauka a kan gurasa da nama.

Ta daɗe a tsaye, hannu a jikin gilashi. "Ya rame," ta ce.

Washegari Khairiyya ta auna shinkafar kaffara ta mutum goma. Ɗaso ta zo ta ƙara gwangwani guda.

"Goma ne fa, Inna."

"Na sani. Wannan na Abdulilah ne, ki ba wani ɗan da uwarsa ke nesa."

"Ai ya ce saura kaɗan ya dawo."

Ɗaso ta goge ido da bakin mayafi. "Jiya na ga irin kaɗan ɗinsu," ta ce.