Sunan Nomau a Bangon Yaƙi

Daren jiya mafarki ya ɗauke ni zuwa wata ƙasa, ni Kofur Jatau, wanda harsashi uku suka shiga jikinsa suka fita da kunya. A can kogi a tsaye yake kamar rimi, kifaye na hawa suna sauka. Ban tsaya kallo ba, na ga abin da ya fi wannan a duniya.

A gindin kogin akwai wani bango mai tsawon tafiyar yini. A kansa ake rubuta labarin yaƙin gadar Kwalanga, wanda muka gwabza da mutanen ƙetare ina saurayi. Kowa na iya rubutawa, kowa na iya gogewa. Namu su sa "mun ƙwace gadar", kafin tawada ta bushe 'yan ƙetare sun goge sun sa "mun bar musu ita don ta ruɓe". Duk cikinsu babu wanda aka haifa lokacin. Ban yi boko ba, amma a ƙasar baƙaƙen da kansu suke ihun abin da suka ƙunsa.

Mai kula da bangon hawainiya ce, zaune gaban sikeli, rabin jikinta launin tutarmu, rabi launin tasu.

Na ƙame na sara mata. "Ranki ya daɗe, suna ɗaya zan sa. Nomau. Shi ya saɓo ni daga gadar, ya koma ɗauko wani, bai dawo ba."

"In ji wa?"

"In ji ni. Ina wurin."

"Ai matsalar ke nan, Baba. Wanda yake wurin yana da ɓangare. Kawo littafin wanda ba ya wurin."

Na yaye riga na nuna mata tabona. Ta duba da ido ɗaya, ɗayan na kallon ƙetare.

"Wa ya wallafa wannan? Kuma in na sa sunan ɗan ɓangarenku kaɗai, sikeli zai karkata. Sai da na can."

Sai na gan ni a kan benci, gefena wani tsoho ɗan ƙetare mai hannu ɗaya.

"Kai ma suna ka kawo?" na tambaye shi.

"Ƙanena, Tunau."

"Wace bindiga ka riƙe?"

"Mai jigida, ta bayan tsamiya."

"Ashe kai ne ɗan banzan da ya hana ni barci kwana tara!"

"Ashe kai ne mai taurin ran nan."

Muka koma tare. Ya aza Tunau a faranti ɗaya, na aza Nomau a ɗayan, sikeli ya tsaya cak. Hawainiya ta yi fari fat don murna.

"Madalla! Tunda sun yi daidai, babu buƙatar ko ɗaya."

Ta miƙa harshe ta rubuta: "An ce wasu sun rasu." Matasan ɓangarorin biyu suka tafa, aka sa wa bangon kwaɗo, kowa ya watse.

Na juya in ce wa tsohon ya riƙe mini Nomau, ni in riƙe masa Tunau. Har ya yi nisa, yana hawa kogin a ƙafa. Na ƙwala masa kira da muryar da na taɓa tsayar da bataliya da ita, bai waiwayo ba.

Injin markaɗen maƙwabta ne ya tashe ni. Ɗakin ba kowa. Na zauna a bakin gado na faɗi sunayen biyu da ƙarfi, amma injin ya fi ni murya.