Zinarin Ɓeraye

Da gudu Auta ta haura matakalar ɗakin bincike, har ta kusa bangaje mai shara. Sakamakon jinin ɓerayenta ya fito, kuma kitsen da ke cikin jinin ya sauka. Ba ɗan sauka ba, ya zube warwas.

Wata da watanni ke nan tana ɗura wa fararen ɓeraye abinci mai maiƙo har suka yi tumbi, sannan ta riƙa yi wa rabinsu allurar wani jan ruwa mai ɗauke da ƙurar zinari, wadda ido ba ya gani. Digirinta na biyu gaba ɗaya a kan wannan yake. A gida kuwa tsokana ake sha, yayanta yana cewa ita kaɗai ce a dangi ta samu zinari ta ba ɓera.

Nan take ta kira Baba a waya, wanda likita ya raba da soyayyen nama ya haɗa da ƙwayar rage kitse. Tana jin sa yana ƙwala wa Mama kira, yana cewa ashe maganinsa a cikin gidansa yake. Ya kamata ta ce masa ɓera daban, mutum daban. Amma ba ta taɓa jin yana alfahari da karatunta haka ba, sai ta bar shi ya sha daɗinsa.

Saura duba hanta. Ta zauna gaban madubin ƙara girma tana 'yar waƙa. Hantar waɗanda ba a yi wa allura ba tana nan lafiya lau. Ta masu zinari kuwa ta kumbura, wani wajen ma ta mutu. Ta sauya gilashin da ke ɗauke da yankin hanta, ta sake sauyawa, duk kanwar ja ce.

Malaminta ya leƙa, sai ga shi yana tafa hannu kamar yaro. Ya ce ai hantar da ke sarrafa kitsen ce ta gaza, shi ya sa ya sauka a jini, kuma wannan ne binciken da za a yi ta magana a kai. Murna ta sake kama ta, har sai da yayanta ya bugo yana dariya: Baba ya watsar da ƙwayoyinsa a shara, ya aika a sayo nama.

Ta bar malamin yana zuba, ta biya kantin magani, ta tari mota.

A ƙofar gida ta tarar da Baba da abokansa, kowa fuska a washe. Ta miƙa masa leda, ya karɓa da hannu biyu, ya buɗe, ya ga ƙwayoyinsa na kullum.

"Zinarin ya cinye wa ɓerayen hanta, Baba," ta ce, kunya kamar ta nutse.

Ya daɗe yana juya kwalin a hannunsa. Sannan ya matso, ya rage murya don kada abokan su ji.

"To ke fa, Auta? Za su dai ba ki digirin?"