Adireshin Baba Kwaɗo

"Baba, ka san wannan adireshin?"

Ta juyo masa da fuskar kwamfutar a kan ɗan teburin shayinsa, ko jakarta ba ta sauke daga kafaɗa ba. Baba Kwaɗo ya matso da kai, ya kanne ido ɗaya. Lambobi ne kashi huɗu, da ɗigo a tsakaninsu, an zagaye su da ja. Karatu bai taɓa shiga kansa ba, amma lamba kam ya san ta, mutumin da ya yi shekara arba'in da ɗaya yana haddace lambobin motoci a bakin get.

"Wannan ba adireshi ba ne, Uwata. Ba unguwa, ba layi. Ko lambar mota bai kai ba."

"Adireshin gidan nan ne."

Ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi. Adireshinsa kowa ya san shi. Ka sauka a bakin titi ka ce gidan Kwaɗo, ko makaho ya nuna maka. Sunan ma, na kwaɗon kulle ƙofa, ba a banza ya same shi ba: masana'antu uku ya yi wa gadi, ko allura ba ta taɓa fita ta ƙofarsa ba tare da takarda ba. Ɓarayi bakwai suka taɓa ɗaure shi da waya, ya kwance da haƙori. Gini ya taɓa ruftawa a kansa, aka tono shi bayan kwana biyu yana tambayar wa ke riƙe da makulli. Duk waɗanda suka fara aiki tare sun mutu, shi ga shi nan yana taunar ƙashi.

'Yar ba ta yi dariya ba. Ita ce babbar 'yarsa, mai sunan mahaifiyarsa, kuma bai taɓa ganin ta a gidan da hantsin ranar aiki ba.

"Ka san aikina, Baba."

"Gadi mana. Gadona kika yi, sai dai ke a zaune kike yi, cikin sanyin na'ura."

"To, ka saurare ni da kunnen mai gadi."

Ta yi masa bayani sannu a hankali. Kamfaninsu ne ke kula da manyan kwamfutocin wani asibiti, waɗanda ake kira saba, inda ake ajiye bayanan marasa lafiya. Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar sabar ta intanet sai ya bar lambarsa, kamar yadda mota ke barin tata a littafin get. Ranar Talata da safe aka ɓalle ƙofar. Kwana biyu likitoci ba su ga sakamakon gwajin kowa ba, aka ɗage tiyata, aka mayar da mutane gida da ciwonsu. Ita aka sa ta tattara lambobin da suka yi ta gwada makulli, tana duba su ɗaya bayan ɗaya a wani shafi da masu irin aikinta na duk duniya ke kai ƙarar mugayen adireshi. Yawancinsu daga nesa suke. Ɗaya ne na kusa, kuma an kai ƙararsa fiye da sau ɗari shida. Hukuma ta nemi kamfanin intanet ya faɗi mai layin.

"Jiya amsa ta zo. Shugabana ya karanta sunan a gabana. Ya dube ni, ya sake duban takardar, ya ce in ajiye katin shiga ofis a kan tebur." Ta dube shi. "Baba, wane layi ne aka yi da sunanka?"

Matarsa, tsohuwa kamarsa, da ke tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya, ta nuna saman kabad da haɓa.

Akwatin na nan, baƙi, bai kai bulo ba, an lulluɓe shi da ɗan ƙyalle saboda ƙura. Fitilunsa uku suna ta ƙyafta ido.

Wata huɗu ke nan da wani mai kiran kansa Injiniya ya kawo shi. Mutum ne kamili, mai furfura ɗaya-ɗaya a gemu da takalmi mai sheƙi. Ya zo ya zauna a bencin ƙofar gida, inda Baba Kwaɗo ke yini da tela da mai gyaran agogo. Ya ji labarin ɓarayi bakwai tun daga farko har ƙarshe, bai duba waya ko sau ɗaya ba, da aka gama ma ya ce, "Sai kuma aka yi yaya, Baba?" A zuwa na uku ya faɗi abin da ke tafe da shi. Kamfaninsu na gwajin sabuwar na'ura, suna neman amintaccen mutum ɗaya a kowace unguwa, kuma duk wanda ya tambaya sai ya ce Kwaɗo. Ya ɗauki hoton katin shaidarsa. Sharaɗi ɗaya ne: kada a kashe.

"Kuma ban kashe ba," in ji tsohon, yana gyara zama. "Wata huɗu, ko ƙiftawar ido. In an ɗauke wuta, da hannuna nake mayar da shi kan batir. Amana ce."

Uwata ta rufe fuska da tafin hannu. Da ta buɗe ta ce, "Ta cikinsa suke wucewa. Suna can inda suke, su biyo ta gidan nan, su fita da sunanka su je su fasa ƙofar mutane. Gadi ka yi musu, Baba."

Maganar ta sauka masa a ƙirji kamar guduma. Ya nemi abin ramawa.

"Da kina zuwa ai da kin gan shi tun ranar farko. Yaushe rabon da ki zauna in ba ki labari ki ji ƙarshensa?"

Ta rufe kwamfutar. Sannan ta ce, "Gobe ƙarfe goma masu bincike na son ganin ka. Abin da suke zargi shi ne ni na nuna hanya, kai ka ba da gida. In suka yarda da haka, ba aikin kaɗai zan rasa ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ka ce ba ka san mene ne ba. Ka ce ba ka iya karatu ba, yaudarar ka aka yi."

"Wa? Wannan?" Tsohuwa ta jingine tsintsiya. "Mutumin da ko hanya ya ɓata sai ya ce hanyar ce ta tashi daga wurinta? Shekara hamsin ina tare da shi, ban taɓa jin 'ban sani ba' a bakinsa ba."

"Ke dai yi shararki," in ji Baba Kwaɗo.

* * *

Da la'asar ya sa hula ya fita, bai gaya wa kowa ba. A aljihunsa akwai ɗan katin da Injiniya ya bar masa. Lambar wayar ya riga ya kira sau tara, wata mata ce ke amsawa kullum da magana iri ɗaya. Ya nuna wa direban tasi katin, aka sauke shi gaban wani bene. A hawa na biyu, ƙofa ta shida, ya tarar da mata uku suna yi wa wata kitso.

"Injiniya? Baba, shekara biyar muna nan. Kai ne dai tsoho na uku da ya zo da wannan katin."

Ya sauko a hankali, yana dafa bango. A ransa yana tsara yadda zai ba da labarin: ai tun ranar farko ya gane mutumin, ya bar shi ne kawai ya ga gudun ruwansa. Labarin ya zauna daram, har ya fara jin daɗinsa a baki. Sai da ya iso bakin titi ya tuna cewa wannan labarin shi ne daidai abin da masu bincike ke jira.

* * *

Ofishin ƙarami ne, tebur ɗaya, kujera biyu, da taga ta gilashi mai kallon baranda. Akwatin, da jami'ai suka ɗauko daga gidansa da sassafe, na kan tebur a cikin leda, fitilunsa a mace. Mai binciken bai wuce sa'ar Uwata ba. Ya gaishe shi da ladabi, ya zuba masa ruwa, ya buɗe fayil.

"Baba, a gidanka aka samu wannan. Ka san abin da yake yi?"

Baba Kwaɗo ya gyara babbar rigarsa, ya taɓa biron da kullum ke maƙale a aljihun gaba.

"Ɗana, bari in gaya maka wane ne a gabanka. Ni gidana, ko ƙuda ne ya shigo, sai na san ta inda…"

Mai binciken ya ɗauki biro ya fara rubutu. Sautin biron a kan takarda ne ya sa tsohon ya ɗaga kai. Ta gilashi ya hango Uwata a bencin baranda, gwiwoyi a haɗe, jaka a cinya, ta riƙe ta da hannu biyu. Ya san wannan zaman. Ya ga ɗaruruwan mutane sun yi shi a bakin get, waɗanda aka ce su jira a waje, kuma ya san kaɗan ne a cikinsu aka sake buɗe wa.

"Ina jin ka, Baba. Sai ka san ta inda?"

Ya sauke hannunsa daga kan biron.

"Ban sani ba."

"Ba ka san me ba?"

"Abin da yake yi. Ban sani ba."

"Takardar da ya ba ka, ka karanta kafin ka yarda?"

"Ban iya ba."

"Turancin ne ba ka iya ba?"

"Karatun ne. Kowane iri."

Idon mai binciken ya sauka kan biron aljihunsa, ya ɗauke da sauri.

"'Yarka ta san da akwatin?"

"Sai jiya. Ba ta cika zuwa ba, aiki ya yi mata yawa."

"Me ya ce maka da har ka karɓa?"

Ya faɗa. Mai binciken ya gyaɗa kai tun kafin ya kai ƙarshe, ya ƙarasa masa da bakinsa: "Duk wanda ya tambaya, sunanka ake faɗi." Ya juya shafi. "Kai ne na goma sha ɗaya, Baba. Akwai tsohuwar ungozoma, akwai direba mai ritaya. Kowa haka ya gaya masa. Biyu ma a unguwarku suke."

Aka karanta masa bayaninsa da ƙarfi, kalma bayan kalma, har da magatakarda a tsaye a matsayin shaida: cewa shi tsoho ne da bai yi makaranta ba, bai fahimci abin da aka kawo masa ba, an yi amfani da rashin saninsa. Aka tambaye shi ko haka ne. Ya ce haka ne. Magatakarda ya turo masa ɗan gwangwanin tawada, ya kama babban yatsansa kamar na ƙaramin yaro, ya danna a ƙasan takardar.

* * *

Uwata ta daɗe a ciki bayan shi. Da ta fito idonta ya yi ja, amma kafaɗunta sun sauka.

"Sun ce ba su da abin riƙe ni. Za su rubuta wa kamfani yau." Ta kama hannunsa. "Na gode, Baba."

"Je ki, kada ki makara."

Ta sa shi a tasi, ta ce za ta leƙo ƙarshen mako in ta samu sarari.

Tela da mai gyaran agogo suna kan benci da ya sauka. Sun ji an kira shi wurin hukuma, tun safe suke jira. Suka matsa, suka bar masa wurinsa na tsakiya.

"Kwaɗo ƙi-buɗuwa," in ji tela. "Yaya aka ƙare? Ka koya wa yaran aiki?"

Ya zauna. Ya naɗe babban yatsan a cikin tafin hannunsa, ya ɗora ɗaya hannun a kai.

"An gama lafiya," ya ce.

Suka jira. Mai gyaran agogo ya dubi tela, tela ya dubi titi. Da shirun ya yi tsawo, sai tela ya yi gyaran murya ya ɗauko wani labarin ƙaninsa da aka sace wa babur. Ya ba da shi tun daga farko har ƙarshe, ba wanda ya katse shi.